Sunan Kawu a Ƙofar Warsha

Kafin komai ina neman uzuri. Abin da zan rubuta game da Kawuna, yayan mahaifiyata, daga kaina na kwaso shi. Ban ajiye littafi ba, ban naɗi muryarsa ba. Wataƙila na gwama ranar wani abu da ta wani, wataƙila na jera masa kalma ba yadda ya jera ta ba. Kuma da ɓacin rai nake rubutun, mai fushi kuwa bai cika adalci ba. Na san da haka, shi ya sa na yi kusan sati biyu ina gogewa ina sakewa. Amma shirun da na yi ne ya kawo mu inda muke, don haka gara in yi magana a gyara mini.

Kawu ya rasu ranar Talata da hantsi, bayan jinyar ƙirji ta 'yan makonni. An yi masa salla a Harami bayan la'asar, aka kai shi Baƙi'a. Allah ya ba shi abin da ya daɗe yana roƙo, maƙwabtaka da Manzo, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Kwana uku aka jera kujeru a layinmu na Ƙuba, daga magariba zuwa isha'i, ni ne mai zagayawa da gahawa.

Ban zaci za a taru haka ba. Tsofaffin kanikawan sana'iyya, unguwar garejoji, sun zo da baƙin mai a ƙarƙashin farce. Masu raƙuma sun shigo daga jeji, motocinsu sun cika layi har bakin gonar dabino. Wani dattijo a cikinsu ya riƙe hannuna yana hawaye, yana tambaya da Larabcinsu mai nauyi wa zai ji ciwon motarsa yanzu. Akwai kuma wani likita ɗan Kano da ya zo dukan kwanakin uku, ya zauna a kujera guda, bai cika magana ba.

Ranar farko addu'a aka yi. Rana ta biyu hira ta koma mota. Wani tsohon abokin Kawu ya ce ba ciwo ne ya kashe shi ba, dokar rage hayaƙin mota ce. Wai tun da aka fara shigo da manyan motocin jeji da ƙaramin inji, masu silinda takwas da ya ƙare rayuwarsa a kansu suka fara ɓacewa, zuciyarsa ta mutu, gangar jiki ce kawai ta yi jinkiri. Likitan ya ce a hankali, mutum ya shekara arba'in yana shaƙar hayaƙi, ai ƙirji ba ƙarfe ba ne. Aka rabu gida biyu a kan mutumin da ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba.

Sai taubashina, babban ɗan Kawu, wanda warsha, wato garejin Kawu, ta koma hannunsa, ya gyara zama. Da Larabci ya yi maganar, don Hausa yana ji amma ba ya son mayarwa da ita. Ya ce ubansa har ya koma ga Allah yana tsine wa dokar hayaƙi, yana cewa tukunyar tace hayaƙin nan da ake sa wa mota sata ce ake yi wa inji, kuma duk mai son a raba motarsa da ita, ƙofar warsha a buɗe take kamar yadda take a zamanin marigayi. Na ga samari uku sun ciro waya suna karɓar lambarsa. A zaman makoki.

Ina tsaye da buta a hagu, kofuna a dama. Na san ba gaskiya ba ne. Na gaya wa kaina nan ba wurin gardama ba ne, shi maraya ne, kuma ya girme ni. Na sunkuya na zuba wa ɗaya daga cikin samarin gahawa. Har yau in na tuna wannan sunkuyon sai in ji kamar in mari kaina.

Ga wanda bai san mota ba: a ƙarƙashinta, tsakanin inji da bakin salansa, akwai wata tukunyar ƙarfe da ke tace hayaƙi, ta ƙone yawancin gubarsa kafin ya fita. Samari masu hawan tudun rairayi suna son a yanke ta a sa bututu, don mota ta yi ruri, wai kuma ta ƙara ƙarfi. Ya kamata in faɗi wani abu tun yanzu don kada a ce na ɓoye. Injiniyanci na karanta, kuma a wurin fahas nake aiki, inda ake duba lafiyar mota kowace shekara. Ni ne mai sa na'ura a bakin salansa. Ina da ɓangare a maganar nan, mai karatu ya auna ni da haka.

Kakanmu da ƙafa ya zo daga ƙasar Damagaram, Kawu kuwa a nan aka haife shi. Hausarsa ta Damagaram ce, da Larabci a tsakiyarta kamar nama a shinkafa. Bai yi boko mai nisa ba. Abin awonsa ƙyalle ne. Yana da tulin fararen ƙyallaye da matarsa ke yanko masa daga tsofaffin riguna. In mota ta shigo, kafin ya taɓa inji sai ya sa a tayar, ya zagaya baya, ya tare bakin salansa da ƙyalle, ya ƙirga goma, ya ɗaga a rana ya duba, ya shinshina. In baƙi ne, ya ce fetur ya yi yawa. In shuɗi ne mai maiƙo, inji na shan baƙin mai. In a jiƙe yake da wani wari mai zaƙi, ruwa ya shiga inda ba a gayyace shi ba. Ba ya sakin mota sai ƙyalle ya fito fari ko kusa da fari, ko da mai ita na tsaye yana kaɗa makulli. Yakan ce hayaƙi man da ka saya ne da guminka, ka hana injinka, ka ɗura wa maƙwabcinka a hanci.

Mahaifiyata ta ce wannan ɗabi'a daga uwarsu ta samo asali. Kakarmu ta yi shekaru tana sayar da gyaɗa a bakin tashar bas, daidai tsayin salansa, kuma da tari ta tsufa. Kawu bai taɓa gaya mini haka da bakinsa ba, don haka ba zan rantse ba.

Abin da zan rantse a kai shi ne wanda na gani. A shekarar ƙarshe ta jami'a na yi wata uku a warsharsa ina aikin gwaji. Wata safiya wani saurayi ya shigo da farar jif sabuwa fil, ya ce daga unguwar Aƙiƙ yake, yana so a yanke masa tukunya kafin ƙarshen mako. Kawu bai ce a'a ba. Akwai wata tsohuwar mota a gefe wadda tukunyarta ta fashe, ana jiran sabuwa. Ya sa aka tayar da ita, ya ɗauko kujerar roba 'yar guntuwa ya ajiye a bayanta, daidai bakin salansa.

"Bismillah, ya waladi, ɗana. Zauna nan minti biyar. In ka cika, in yanke maka da hannuna."

Saurayin ya yi dariya, ya tattare riga ya zauna. Ban duba agogo ba, amma ba na jin ya kai minti ɗaya. Ya miƙe idanu jawur yana tari yana zagin motar. Kawu ya miƙa masa ruwa, ya jira ya shanye.

"Kai da ƙafarka ka tashi," in ji shi. "Mai sharar titi fa? Tsohuwar da ta tako daga Harami za ta Ƙuba fa? Su wa ya ba su zaɓi?"

Ya ƙara da cewa in ƙarfi yake nema ya koyi rage iskar taya, in kuma ruri yake so ya sayi zaki. Mai walda na maƙwabta, wani dattijo Bahaushen Sudan, yana jingine a ƙofa, dariya ta hana shi tsayuwa. Wannan shi ne mutumin da aka ce ƙofarsa a buɗe take ga masu yanke tukunya.

To amma ba zan yi abin da nake zargin wani da shi ba. Kawu bai son sababbin injunan nan, kuma bai ɓoye ba. A kan haka ne ma muka ɓata, ni da shi.

Wata Juma'a ce bayan na karɓi takardar digiri, muna zaune a ƙasa a gidansa muna cin shinkafa. Kaina a kumbure da karatu. Na ce zamanin babban inji ya wuce, ƙarami mai turbo, na'urar da ke cusa masa ƙarin iska, yana ba da ƙarfi iri ɗaya da ƙarancin mai da ƙarancin hayaƙi, duniya can ta nufa, ko an so ko an ƙi. Ya ce turbo bulala ce. Ɗan raƙumi in ka zabga masa bulala zai yi gudun amale, tambayar ita ce kwana nawa zai yi yana yi. Na kawo masa bayanin littafi, ya kawo mini sunayen motocin da ya buɗe. Da na ga ba na cin nasara sai na ce, a gaban 'ya'yansa, ƙyalle ba ma'auni ba ne.

Ya tsame hannu daga abinci, ya tashi. Kusan wata biyu in na yi masa sallama sai ya amsa daidai wajibi, ko harafi ba ya ƙarawa. Mahaifiyata ta ce in je in ba da haƙuri, na je sau biyu ina dawowa daga bakin ƙofa.

Shi ya kira ni. Wata Asabar ce a tsakiyar zafi, gab da azahar. Ya ce in ba ni da aiki in zo in riƙe masa igiya. Likitan nan ɗan Kano ne ya fita da iyalinsa shan iska a sabuwar motarsa, suka bi wani kwari bayan baƙaƙen duwatsu, ta nutse a rairayi. Ya yi ta taka mai har wata fitila ta kama a gabansa, inji ya rage wa kansa ƙarfi ya ƙi amsawa. Allah ya taimaka waya na ɗan kamawa a kan tudu, wani ya ba shi lambar Kawu. Ba su san juna ba.

Mun same su ƙarƙashin bargon da suka ɗaura a ƙofar mota, yara uku, ƙaramar ta daina kuka ma. Kawu bai kalli motar ba. Ya fara da ruwa, kaɗan-kaɗan, ya kwashe uwar da yaran ya sa a tasa motar mai sanyi. Sannan ya durƙusa ya rage iskar tayoyi huɗu, ya ɗaura igiya, ya shiga tsohuwar jif ɗinsa mai silinda takwas. Ko murya ba ta ɗaga ba. Ta ja kamar mai jan guga, sabuwar ta biyo ta. Da likita ya sa hannu a aljihu Kawu ya ce masa in yana son su rabu lafiya ya fito da hannun haka nan, sannan ya yi masa faɗa kamar ɗan cikinsa a kan shiga jeji da mota ɗaya da jarkar ruwa ɗaya.

A hanyar dawowa ya sauke mini duk abin da ya tara a wata biyun. Ya ce wanda ya zauna a ɗaki mai sanyi ya tsara injin da ke kulle kansa bai taɓa ganin leɓen yaro ya tsage da ƙishi ba. Tsohon inji in ya yi gardama a jeji kana iya lallashinsa da sifana da waya da ƙyalle har ya kai ka kwalta. Wannan kuwa sai an kawo masa na'ura daga birni, na'ura kuma ba ta san hanyar kwari ba. Na yi ƙarfin hali na ce, da murya ƙasa-ƙasa, ina ganin laifin ba duka na inji ba ne, likita bai rage iska ba, kuma ya yi ta murza taya har komai ya ɗau zafi, ko da wane inji ne zai nutse. Da muka hau kwalta ya dube ni.

"Rabi da rabi," ya ce. "Hayaƙin ku rage, ban hana ku ba. Amma ku bar wa mutum injin da zai iya roƙa a jeji."

Wannan shi ne shirinmu, bai ƙara tayar da zancen ƙyalle ba, ni ma ban iya ba shi haƙuri da baki ba. Na so in yi.

In aka tambaye ni ko dokar hayaƙi ce ke kashe manyan injuna, zan ce, da taka-tsantsan, tana cikin masu kashe su, amma ba ita kaɗai ba. Mai ya ƙara tsada, kamfanoni kuma mota ɗaya suke ƙera wa duniya duka, ba za su ware wa masu raƙuma tasu ba. A layina na fahas ina ganin masu silinda takwas suna tsufa, sababbinsu na raguwa. Ko za su ƙare gaba ɗaya, ban sani ba. Kawu ya san suna tafiya, ya yi baƙin ciki, ya yi faɗa. Amma tsakanin mai jimamin babban inji da mai yanke tukunya akwai tazara, kuma shi ya tsaya a gefe guda bai taɓa tsallakawa ba, iya sanina.

Shekarar da na fara aiki, da gangan ya kawo jif ɗinsa layina. Abokan aiki na kallo. Na sa na'ura ina addu'a a zuci, don ban san abin da zan yi ba in ta faɗi. Ta wuce sumul. Ya leƙo ta taga ya ce da ƙarfi, yadda har layi na uku aka ji, wai motar nan ta girme ni, ni mai awon, kuma numfashinta ya fi nawa tsabta.

Sati uku bayan rasuwarsa wata jif ta shigo layina tana ruri. Na leƙa ƙarƙashi, na ga sabuwar walda inda tukunya take, bututu miƙaƙƙe. Na'ura ta faɗi abin da hancina ya riga ya faɗa. A gilashin baya akwai tambarin warsha, da sunan Kawu. Na kayar da ita. Mai motar, ɗaya daga cikin samarin makoki, ya ce ai warshar marigayi ce ta yi, kuma an gaya masa akwai ɗan gida a fahas.

Da na tashi aiki ban je gida ba, sana'iyya na wuce. Na sami taubashina a ƙarƙashin wata motar, tukwane biyu yankakku a jingine da bango. Na ce ya ji tsoron Allah. Ya fito yana goge hannu, ya ce mini sannu da zuwa ɗan mace, bawan gidansu, yau kuma wa'azi aka kawo. Da can in ya faɗi haka dariya muke yi. Ya ce in buɗe ido in duba. Sababbin motoci ba sa zuwa nan, wurin dillalinsu ake kai su a sa musu na'ura. Tsofaffin suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Mutum huɗu ke ci a warshar nan ban da iyalinsa, kuma aikin da ke shigowa da ƙafarsa yanzu shi ne wannan. Ban ce ƙarya yake ba, don a nan ba ƙarya yake ba. Na ce ya yi abin da zai yi, tsakaninsa da hukuma da Ubangijinsa, amma ya sauke sunan Kawu daga ƙofa, ya daina cewa shi ya koya masa.

A nan ya juyo da Hausa, karo na farko cikin shekaru.

"Sunan ubana ne. Ba na ubanka ba."

Mahaifiyata ta ce in bar maganar, zumunci ya fi tukunya. Na kwana uku ina ƙoƙarin bari, na kasa. Sai na je wurin matar Kawu. Tana takaba, ni kuma ba muharraminta ba ne, don haka a tsakar gida na tsaya, ita tana bayan labule, 'yarta na zaune a bakin ƙofa. Na faɗi duk abin da na faɗa a nan.

Ta ce ita ba ta taɓa taka warsha ba. Shekara arba'in yana dawo mata da warin mai, tana yanka masa ƙyalle, ba ta taɓa tambayarsa me ya yanke me ya bari ba. Ɗanta ya faɗi tasa, ni na faɗi tawa, kuma kowa a cikinmu abincinsa a hayaƙin nan yake.

"Kawo mini mutum biyu," ta ce. "Wanda ba ya ci a fahas, ba ya ci a warsha. In suka ce sun ga mijina ya ƙi aikin nan, ko ɗana ya bar aikin ko ya sauke sunan. Ba zai tsallake maganata ba. Amma kafin in fita takaba. In aka raba gado aka mayar da takardu sunansa, bakina ya gajarta."

Na ji zafin yadda ta haɗa ni da shi a ma'auni ɗaya, amma da na nutsu na ga ba ta zalunce ni ba.

Na sami ɗaya. Mai waldan Sudan ya ce zai zo ko da rarrafe, ya ce ya ga kujerar robar nan ta yi aiki fiye da sau ɗaya. Likita ya so ya zo, amma ya ce shi igiya ya gani, bai ga tukunya ba, ba zai shaidi abin da bai gani ba. Tsofaffin kanikawa na je wurin huɗu. Kowa ya ce Allah ya ji ƙan marigayi, mutumin kirki ne, sannan ya tuna yana da mota a kan jak. Su ne suka cika kujerun gaba a makoki, su ne masu cewa doka ta kashe shi. Da su nake fushi fiye da taubashina, shi ko ba komai yunwa yake tsoro.

Saura ƙasa da wata biyu. Shi ya sa na rubuta wannan, kuma ina roƙon duk wanda ya samu ya tura wa na gaba, a karanta wa waɗanda ba sa karatun boko, a fassara wa yaranmu da Hausa ta yi wa nauyi. Saurayin nan na Aƙiƙ mai farar jif, ban san sunanka ba, yanzu wataƙila kai magidanci ne. Ba abin kunya ba ne ka tashi daga kujerar nan, kowa ma tashi zai yi. In kai ne, ko ka san shi, ko kai ma an taɓa zaunar da kai, gidanmu ba ɓoyayye ba ne a Ƙuba, a tambayi gidan ƙanwar marigayi.

Inda na yi kuskuren rana ko na kalma, a aiko a gyara mini, zan sake rubutawa. In kuwa akwai wanda ya ga Kawu da idonsa ya yanke wa wani tukunya, ko sau ɗaya ne, ina roƙonsa da girman Allah ya zo shi ma. Ni zan kai shi gaban labulen da kaina, sannan in je sana'iyya in ba taubashina haƙuri a gaban ma'aikatansa.

Allah ya gafarta wa Kawu, ya yalwata masa makwanci, ya shiryi 'ya'yansa da ɗan ƙanwarsa.